Takalmin Ƙanƙara da Rairayin Furfuri

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga zauren Malam Ɗanjuma na Furfuri ƙafafu a gaba, kai a baya ba. Wannan abu ya faru ne a ƙarshen shekarun 1970, zamanin wando fantalo da takalma masu tudu, lokacin ina ƙaramin akawu a wani ofishin safiyo a Gusau. Ni mutumin Tsafe ne, kuma gara in faɗa muku tun yanzu, a wancan lokaci ban san mai zargi kamata ba. In ka gaishe ni da fara'a, sai in ce me kake nema a wurina. In ka wuce ba ka gaishe ni ba, sai in ce me ka ƙulla. (Innata ta sha faɗa wa mutane wai ko nono sai da na shinshina kafin na yarda na kama.)

Yarinyar da nake nema sunanta Rabi, ɗiyar Malam Ɗanjuman nan, manomi ne mai 'yan shanunsa, dattijo marar yawan magana. Duk ƙarshen mako nakan hau motar Bunguɗu in sauka Furfuri, in tsaya a ƙofar gidansu gindin wata dalbejiya, inda ruwan damina ya tara rairayi mai laushi. Rabi ta fito mu yi zance, kuma ba ta taɓa fitowa hannu biyu ba, kullum da soyayyar gyaɗa a ƙoƙo. Ina sonta sosai, har ina jin tsoron yadda nake sonta.

To, akwai wani Sale, malamin dabbobi, mai babur da takalmi mai tudu da gashin baki. Shi ma ba ya rabuwa da gidan. Wai shanu yake zuwa dubawa. Na ce a raina, shanun nan kullum ba su da lafiya ne?

Wata rana mun gama zance na kama hanya, sai na tuna na bar laimata a jingine da dalbejiya. Na juyo. Ina isowa na duba ƙasa. Daidai inda na tsaya ɗazu, an kwashe rairayin wurin tas, an bar rami mai kyau, da ganinsa da ƙoƙo aka ɗiba. Ga kuma sawun tayar babur a gefe. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ake nufi da ɗaukar sawu. A kai wa boka ƙasar da ka taka, ko dai ka shiga duniya ba a sake jin labarinka, ko yarinyar ta wayi gari ba ta ƙaunar ganinka. Mako na gaba na taka wurin da gangan, na danna ƙafa sosai, na tafi na ɗan zaga kasuwa na dawo. An sake kwashewa! Daga ranar na daina shan ruwan garin, na daina karɓar goro daga hannun kowa. Abu ɗaya tak da na yarda da shi a duk faɗin Furfuri shi ne gyaɗar Rabi.

Ana cikin haka Rabi ta ce mini, "Baba ya ce ka zo ka gaishe shi ranar Lahadi bayan azahar. Yana son ya gan ka da idonsa kafin manyanka su zo." Na fahimci zancen. In na yi masa, kawunnaina su zo daga Tsafe a yi maganar aure. In ban yi masa ba, shi ke nan, an rufe babin. Na san kuma Sale ba zai bar wannan rana ta wuce bai ɗauki sawu mafi tsada ba. Sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka ba mai irin kaina a ofis ɗinmu. Boka dai sawun mutum yake aiki da shi. To, in na sa takalmin da sawunsa bai yi kama da na ɗan Adam ba fa?

Na san inda irin wannan takalmi yake. Babban safiyon ofishinmu, Malam Bulus, Kirista ne daga wajen Filato, mutum mai raha da haƙuri. An taɓa tura shi kwas wata ƙasar Turai mai duwatsu da sanyi, can ya koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Da zai dawo ya taho da kayan wasan don tunawa, ya rataye su a falonsa a Damba. Allo ne guda ɗaya mai tsawo da santsi, bakinsa ya ɗan lanƙwasa sama, da wuraren da ake maƙale ƙafafu biyu a karkace. Sai takalman: jajaye, na roba mai taurin tsiya, sun kai rabin ƙwauri, da maɗaurai na ƙarfe jere a gaba masu ƙara ƙas-ƙas. Ƙasansu a shafe yake kamar bulo. Tudunsu kuwa ya ninka na Sale.

Na je na roƙe shi aro. Ban faɗa masa zancen sawu ba, na ce dai ina son in yi kwalliya. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Malam, wannan ba takalmin tafiya ba ne. Ko can ƙasar tasu, daga allo sai allo. Wa ya ce maka ana zuwa gidan surukai da shi?" Na ce a raina, rowa ce. Sannan na tuna na taɓa ganinsa shi da Sale a benci ɗaya wurin mai tsire, suna hira suna dariya. Ashe! Sai na ƙara nacewa, har ya gaji ya ce, "To zauna mu gani ko ma zai shige ka."

Ban taɓa sanin sa takalmi ilimi ne ba sai ranar. Ya zare wani lallausan abu daga ciki mai kama da safa mai kauri, ya bar ƙoƙon robar zalla, ya ce in zura ƙafa in tura yatsuna har su taɓa gaba. Ya sa hannu ta bayan diddigena yana aunawa. Ya ce, "Ya kamata yatsuna biyu su shiga nan. Ko ɗaya da ƙyar. Ƙafarka ta fi tawa, Malam, ba naka ba ne." Na yi maza na naɗe yatsun ƙafata a ciki, na ce ya sake gwadawa. Ya gwada, ya dube ni, ya girgiza kai. Ya mayar da lallausan abin, ya buɗe bakin takalmin da hannu biyu, na cusa ƙafa ina murmushi alhali idona ya kawo ruwa.

Ya ce, "To ji nan. Safa ɗaya za ka sa, marar kauri. Maɗauran da ke kan ƙafa kada ka tsananta su, jini zai tsaya, na ƙwauri kawai ake ɗan ja. In ka miƙe tsaye yatsu su shafi gaba, in ka karya gwiwa su ja baya, diddige kuma kada ya ɗaga." Sannan ya sauko da allon ya shimfiɗa a tsakar falo, ya hau ya gwada mini tsayuwar: gwiwoyi a karye, ƙwauri a jingine da harshen takalmi, hannaye a buɗe, ido can gaba. Ya ce, "Babban abu shi ne wannan. In ƙasa ta fara tafiya da kai, ka bi ta, ka karkata gaba. Duk wanda tsoro ya sa ya ja baya, allo ya tafi ya bar shi a zaune. Kuma inda kake son zuwa za ka kalla, ba ƙafarka ba." Matarsa, Maman Ladi, tana bakin ƙofar kicin ta rufe baki da zane tana dariya. Na lura da dariyar nan, na ajiye ta a raina.

Na fito da takalma a hammata ina lissafi. Mutumin da ke cin tsire da Sale ya ce safa ɗaya marar kauri, ya ce kada in ɗaure sosai, ya ce in karkata gaba. Wato so yake takalmi ya fita daga ƙafata a gaban mutane, in kuma kifa da baki. To, na gano su. Duk abin da ya faɗa, zan yi akasinsa. (Ku yi mini adalci, a lokacin wannan tunani ya yi mini kyau ƙwarai.)

Ranar Lahadi na yi sallar azahar, na zura safa biyu masu kauri, na yi kokawa da takalma har suka shiga, na ja kowane maɗauri har ƙarshensa. Na sa fantalo na rufe su, na ɗora riga da hula. Malam Bulus da ya taso daga coci shi ya ce zai kai ni a babur ɗinsa, tunda ya ga ba zan iya hawa mota ba. Na yarda, don gara maƙiyinka yana gabanka kana ganin ƙeyarsa. Daga ɗakina zuwa bakin titi kaɗai na gane idon sawuna ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan. Tafiya nake ƙwas, ƙwas, a ɗan sunkuye, kamar mai shirin zama a kujerar da babu.

Rana ta buɗe, ga zafin injin babur yana dukan robar. Kafin mu bar Gusau ƙafafuna sun fara zugi. Muna rabin hanya suka daina zugi, suka daina komai, na daina jin su gaba ɗaya. Malam Bulus ya waiwayo ya ce, "Malam, in tsaya ka sassauta? Ƙafa tana kumbura a zafi fa." Na ce, "Lafiya lau nake, mu je." A raina na ce, ka ji shi, ya ƙagu.

Da muka isa na sauka na bi ta kan rairayin gindin dalbejiya da gangan. Na waiwaya na ga sawuna, wasu dogayen ramuka masu kusurwa huɗu. Wani daɗi ya kama ni. Na ce to Sale, kai wa bokanka wannan, ya gaya maka ko sawun wace dabba ce.

Sai da na tsaya a bakin zaure na ga takalman dattawa jere a ƙofa, sannan abin da ko yaron goye ya sani ya faɗo mini. Ba a shiga wurin suruki da takalmi, kuma ba a gaishe shi a tsaye. Duk lissafin da na kwana biyu ina yi, wannan bai shigo ciki ba. Na yi sallama aka amsa. Malam Ɗanjuma yana zaune kan buzu a ƙuryar zaure, farin gemu, ƙwaryar fura a gabansa, ƙannensa biyu a gefe. Na sunkuya na ɓalle maɗaurai, ƙas, ƙas, ƙas, kowa ya zuba mini ido. Na ja ƙafa. Ko motsi. Na dafa bango na ja. Na taka diddigen ɗaya da ɗaya na ja har hulata ta faɗi. Ƙafafun sun kumbura sun cika robar, kamar a ciki aka haife su. Malam Bulus ya raɗa mini, "Zauna in buɗe maka bakin, sai an buɗe da hannu biyu." Na ture hannunsa. Haka kawai in bar abokin Sale ya riƙe mini ƙafa a ƙofar gidan su Rabi?

Dattijon ya gaji da kallo ya ce, "Ɗan Tsahe, mi ya hwaru? Shigo haka nan, ba komi. Wanga takalmi naka da gani ba shi da niyyar hita."

Abin da ban sani ba, zauren sabon daɓe ne, an goge shi da makuba yana ƙyalli, an kuma yayyafa ruwa saboda baƙi. Daga dokin ƙofa zuwa ciki kuma ƙasan ya ɗan gangara. Na ɗaga ƙafar dama na tsallaka, na kawo ta hagu, na fara ƙoƙarin durƙusawa da idon sawun da ba ya lanƙwasuwa. Sai na ji ƙasa ta fara tafiya da ni, sululu. Daga bayana Malam Bulus ya ɗaga murya, "Gaba, Malam! Karya gwiwa, yi gaba! Kalli gabanka!"

Na ce a raina, ai ka makara. Na kalli ƙafafuna, na ja baya da duk ƙarfina.

Jama'a, ban san zauren yana da tsawo haka ba. Ƙafafu suka yi sama, na dira da mazaunai, tim, na ci gaba da tafiya a kan rigata. Ƙafar hagu ta ɗauki ƙwaryar fura ta watsa, ta dama ta wuce kai tsaye ta sauka a cinyar Malam Ɗanjuma, tafin jan takalmi yana kallon fuskarsa. Fura a gemunsa, fura a hular ƙanensa, ludayi yana ta juyi a tsakar zaure. Ni kuwa ina kwance rigingine ina kallon azara, kuma don tsabar ruɗewa, daga nan kwancen na ce, "Baba, ina wuni?"

Ya ce, "Lahiya lau. Ka iso?"

Ƙannensa suka kasa daurewa. Daga bayan katanga kuma na ji mata sun fashe da dariya, na san har da wadda nake tsoron ta ji. Ban gama tattara kaina ba aka kira la'asar. Ga alwala ta wajaba, ga ƙafafu a kurkuku. Malam Ɗanjuma ya share gemu da hannun riga ya ce a kawo man kaɗe. Wa zai kawo? Rabi. Ta shigo kanta a sunkuye, ta ajiye, kafaɗunta suna rawa, ta fita da gudu.

Aka yanka safar sama da aska, aka ɗura man kaɗe. Malam Bulus ya durƙusa ya buɗe bakin takalmin da hannu biyu, ƙannen suka riƙe ni ta hammata, shi kuma dattijon da na zo in durƙusa masa, shi ya kama diddigena yana murɗawa yana ja a hankali, yadda yake yi wa saniya in haihuwa ta zo da gardama. In akwai kunyar da ta fi surukinka ya riƙe maka ƙafa, ban san ta ba. Ta farko ta fito, fut, da wani wari da ba zan kwatanta ba don girman masu karatu. Jini ya fara komawa, na ji kamar ana soka mini allurai, na yi ihu. Dattijon yana kan ta biyu ya tambaye ni a natse, "Yaro, mi ya kai ka sa wanga abu?"

Azaba ba ta bar ni na yi ƙarya ba. Na faɗi komai: ramin gindin dalbejiya, ƙoƙo, tayar babur, Sale, boka, har tsiren da aka ci a benci ɗaya. Malam Bulus ya saki takalmin ya dube ni, kuma wannan kallo ya fi faɗuwar yi mini ciwo.

Dattijon ya ce, "Rairayin ƙohwar gida? Ai innar Rabi ka ɗiba tana soya gyaɗa da shi. Nan ne mai laushi. In kun gama zancenku kun tashi, sai ta hito ta ɗiba, don tana jin kunyar hitowa kana nan." Ya ƙara da cewa, "Gyaɗar da kake ci kullum, da mi kake zaton ake soya ta?"

Wato duk watannin nan, abu ɗaya da na yarda da shi a Furfuri, a cikin sawuna ake soya shi.

Aka sake kwashewa da dariya, amma shi bai yi ba. Ya ciro ƙafa ta biyu, ya ajiye takalmin gefe, ya goge hannu. Ya ce, "Hwaɗuwa ba komi ba ce, kowa na hwaɗuwa. Hura kuma a dama wata. Abin da ya dame ni, ka zargi Sale, ka zargi wanga bawan Allah da ya ɗauko ka bisa babur nai cikin rana, ka zargi har rairayi. To in na ba ka ɗiyata, ran da ta daɗe wurin ɗibar ruwa, mi za ka ce ta yi?"

Nan na ga Rabi tana fita daga hannuna, kuma ba boka, ba Sale, ni da kaina. Sai hawaye, ga man kaɗe har gwiwa.

Muka yi sallah, ni ina ɗingishi, Malam Bulus yana jiranmu a gindin dalbejiya da takalmansa a cinya. Da za mu tafi dattijon ya ce, "Lahadi mai zuwa ka dawo. Tun daga bakin titi ka tuɓe takalmi, ka tako da ƙahwarka har nan. Kada ka waiwaya ka ga wa ya bi sawunka. In ka iya, kawunnanka su zo."

A hanyar komawa na ba Malam Bulus haƙuri tun daga Furfuri har Damba. Ya ce ya yafe, amma shi abin da ya fi ba shi haushi, da na karkata gaba da na isa gaban Baba a durƙushe daidai, da ba a taɓa gaisuwa mai kyau irin tawa ba.

Lahadi na dawo. Na tuɓe takalmi a bakin titi, na taka ƙasa mai zafi da ƙarangiya, farcen babban yatsana ya yi baƙi yana shirin fita. Wallahi wuyana har ƙaiƙayi yake don son waiwaye, musamman da na ji ƙarar babur a bayana. Na daure, na kafa ido a kan ƙofar zauren, na ce inda kake son zuwa za ka kalla. Da na iso, innar Rabi ta fito da ƙoƙonta, ranar ba kunya, ta kwashe sawuna a gabana ta shige gida. Aka soyo gyaɗa aka kawo, na ci har da neman ƙari. Bayan kaka aka ɗaura aure, Malam Bulus ne ya yi ta jigilar mutanen Tsafe a babur. (Sale ma ya zo, ya ci shinkafa. Har yau ban gama yarda shanu kaɗai yake dubawa ba, amma na bar wa cikina.)

Abin da na koya, in wanda ya taɓa hawa allo ya ce maka yi gaba, to yi gaba, ko da ka gan shi yana cin tsire da wanda ba ka so. Zargi kuwa ban ce ya bar ni duka ba, sai dai duk ran da ya motsa, akwai mai maganinsa a gida. Rabi ta tsufa, ni ma haka, amma har gobe in za ta soya gyaɗa sai ta zuba rairayi a faranti ta kawo gabana, a gaban jikoki, ta ce, "Malam, za ka taka mini ne, ko in soya haka nan?"